Shaidun da Suka Yabe Ni a Gaban Alƙali

Mutanena ne suka kashe mini shari'a, kuma da yabo suka kashe ta. Ba zan ba kowa haƙuri ba don na faɗi haka. Wanda ransa ya ɓaci ya zo unguwarmu ta Al-Ranuna ya same ni, ba ɓoye nake ba.

Ni mai abinci ce. Tun ina yarinya hannuna yake cikin ƙullu, masa da tuwo da miyar kuka su na gada a wurin uwata, kamar yadda ita ma ta gada a wurin tata uwar da ta zo wannan ƙasa mai tsarki da ƙafa. Sai da yarana suka girma, mahaifinsu ya rasu, sannan na shiga makarantar manya, na zauna cikin tsofaffi muna riƙe biro kamar muciya. Da na iya karatu sai na ga ba ni da dalilin ci gaba da suya a bakin titi ina gudun 'yan baladiya, ma'aikatan hukumar gari. Na buɗe sijil da sunana, wato rajistar kasuwanci, na kama ɗan shago a wani lungu bayan titin Sultana. 'Yan Umara daga Kano da Maraɗi da Damagaram, waɗanda shinkafar otal ta gundura, su ne masu sayen abincina. Shago kuwa yana son babban firiji da murhu da tukwane da 'yar motar kai abinci masauki, don haka na ci bashi a wani kamfanin ba da rance. Ni na karanta takardar da kaina, ina bin layi da yatsa, ina jin daɗi ba wanda ya karanta mini. Na sa hannu.

Sai shekarar annoba ta zo, aka tsayar da Umara. Haya ba ta san annoba ba. Kamfanin ya ɗaga mini ƙafa na wani lokaci, daga baya ya dawo yana neman haƙƙinsa, kuma kafin baƙi su sake cika gari ni na riga na durƙushe. Na sayar da motar, na sayar da firijin, har tukwanen da na fi so, na zuba musu kuɗin, bai rufe ko rabi ba. Na mayar wa mai gini mabuɗinsa na soke sijil. A tunanina shago ne ya ci bashin, shago ya mutu, to sai a binne su kabari ɗaya.

Ba a binne su ba. Wata rana na je bakala, wato kantin unguwa, sayen madara, na miƙa kati, na'ura ta ƙi. Ashe kamfanin ya kai ni kotun zartarwa, an rufe asusuna na banki, an hana ni fita ƙasar. Lauyansu kuma ya aiko yana tuna mini, cikin ladabi, cewa akwai masu taurin bashi da ake tsarewa.

Autata ce ta kawo maganar iflas. Irin yaran yanzu ce, ina yi mata Hausa tana mayar mini da Larabci. Ta ga a waya cewa a wasu ƙasashe mutum yakan je kotu ya ce ya karye, a share masa bashi, ya fara rayuwa sabuwa. Ta ce, "Ummi, khalas, mu ma akwai dokar nan yanzu." Na daɗe ban ci abinci da daɗi kamar ranar ba. Ta kai ni wurin wata ƙawarta lauya, yarinya mai hankali, ita ma jikar mutanenmu ce.

Na ce mata, "'Yar nan, bashin na shago ne, ba nawa ba. Ban sayi ko ɗankunne da shi ba. A rubuta an karye, a share."

Ta kira ni inna da Larabci, ta ce, "Ya khala, wane irin shago ne? Kamfani ne ko mu'assasa ta mutum ɗaya?"

"Mu'assasa ce. Ni kaɗai."

"To ke ce shagon, shagon ke ce. Doka ba ta ganin mutum biyu a nan. Ko da kamfani ne ma, tunda kin sa hannu a kan za ki biya da kanki, da sun biyo ki."

"To iflas ɗin na mene ne?"

Ta yi mini bayani a hankali kamar mai ba mara lafiya kunu. Iflas, in ji ta, hanya ce ta tattara abin da ɗan kasuwa ya mallaka a raba wa masu binsa. Abin da ya rage bayan rabon yana nan a wuyan mutum, ba ya sauka sai an biya ko masu shi sun yafe. Ni kuwa ba abin da ya rage da za a tattara. Abin da ya dace da ni shi ne i'isar: alƙali ya tabbatar ba ni da komai, a sassauta mini, a jira ranar da zan samu.

Na ce, "In ban samu ba har na mutu fa?"

Ta sunkuyar da kai. Ni ma Musulma ce, na san abin da ake tambaya a kan gawa kafin a yi mata salla. Na girma ina roƙon Allah ya sa a binne ni a maƙabartar Baƙi'a, ban taɓa tunanin zan shiga da bashin firiji a wuyana ba.

Na haɗiye wannan. Tunda ba za a share ba, a bar ni in numfasa, in daina firgita duk lokacin da aka buga ƙofa. Abin da nake nema ke nan, ba ƙari. Lauyar ta ce kotu za ta bincika bankuna da filaye, wannan ba abin tsoro ba ne tunda ba za su ga komai ba, amma in kawo shaidu maza masu mutunci waɗanda suka san cikin halina. Ba 'ya'yana ba. Mutanen da za su tsaya su ce wannan mata ba ta da shi.

Na zaɓi biyu. Na farko Baffa, ƙanin mahaifina, dattijon da duk wani ɗaurin aure na mutanenmu daga nan har unguwar Ƙuba shi ake sa wa a gaba. Na biyu maƙwabcinmu na hawan ƙasa, malamin makaranta mai ritaya, wanda muka daɗe gini ɗaya da iyalinsa. Na gaya musu komai, ban rage ba. Baffa ya ce, "Kada ki damu ɗiyata, ai ba za mu bari ki ji kunya ba." Na ɗauka na fahimci abin da yake nufi.

Ranar zama Baffa ya fito da farar jallabiya mai guga, da alkyabba, ƙamshin turaren itace yana riga shi shiga mota. Na kalle shi na ga kamar mai zuwa ɗaurin aure, amma na ce ai kayansa ne, ba nawa ba.

Alƙalin matashi ne, ba shi da zafi. Ya tambayi Baffa ko ya san ni. Baffa ya gyara murya ya fara daga kakana. Ya ce gidanmu gida ne da ba a taɓa miƙa hannu a cikinsa ba. Ya ce mahaifina ya yi dako a kasuwa bai taɓa kwana da kuɗin wani ba. Alƙali ya saurara, sannan ya ce, "Ya Shehi, tambayata ita ce, tana da dukiya ko ba ta da ita?"

Baffa ya ce, "Alhamdu lillahi, tana cikin rufin asiri. Ban taɓa shiga gidanta na fito da yunwa ba."

Na ɗaga ido in yi magana, lauyata ta taɓa hannuna.

Aka kira Malam. Na ce wannan ya yi boko, zai gane. Ya ce ni maƙwabciya ce ta gari, mai kyauta, duk azumi sai na aika da masa masallacin unguwa. Wakilin kamfanin, wanda tun da aka fara yake wasa da biro, ya ɗago ya tambaye shi ko ya taɓa ganin alamar wadata a tare da ni. Malam ya ji kamar ana so a wulaƙanta ni, sai ya miƙe ya kare ni. Ya ce matarsa ta ba shi labarin bikin babbar 'yata, ta ce zinare har gwiwar hannu, ba wadda ta fi ni fita a zauren.

Zinaren na matar Malam ɗin ne rabinsa. Rabin na wata ƙawata ce 'yar Sudan. Haka muke yi, duk macen unguwar ta san haka, kuma ba wadda ke gaya wa mijinta. Masar masallaci kuwa shinkafar sadaka ce da aka kawo mini, na jiƙa na mayar wa Allah abinsa don kada a ce bana gidan wance ba a fito da komai ba.

Alƙali ya ajiye alƙalaminsa ya ce, "To ku me kuka zo shaida a kai?" Baffa ya ce, "Mutuncinta." Wakilin kamfanin bai ma yi wata doguwar magana ba, ya ce shaidun mai ƙara sun wadatar da shi. Alƙali ya ce wannan shaida ba ta tabbatar da rashi ba. Ya ɗaga zaman, ya ce in zo da waɗanda suka san cikin halina da gaske, in ba haka ba zai kori ƙarar.

A mota autata tana tuƙi tana share hawaye da gefen mayafi. Baffa yana gaba, ya juyo yana murmushi.

"Kin ga yadda na tsaya miki? Yaron can na kamfani so yake ya maida ke 'yar bara a gaban Larabawa."

Na ce, "Baffa, ai 'yar barar ce. Abin da na kawo ku ku faɗa ke nan."

"A'uzu billahi! Jinin ɗan'uwana? Da bakina?"

"To da bakin wa? Na gaya maka ba ni da ko na madara."

"Kin gaya mini, na ji, na bar shi a cikina. Wannan maganar ɗaki ce, ba ta kotu ba."

Malam daga gefe ya ce, "Hajiya, ni dai abin da idona ya gani na faɗa. An rantsar da ni fa. Duk zuwan da na yi gidanki da gahawa da dabino mai kyau aka tare ni, falo tas, labule sabo."

Na ce, "Labulen na surukata ne, Malam. Dabinon kuma kai ka aiko mana da shi da Salla, shi na adana nake fito maka da shi."

Baffa ya ce wa autata ta rage sanyin mota.

Abin da ya fi ci mini rai, ba ƙarya suka yi ba. Mutanen kirki ne, suna tsoron Allah. Mu ne muka zo ƙasar nan baƙaƙe, matalauta, ana kallonmu ta ƙasan ido, sai iyayenmu suka koya mana cewa ko ba ka ci ba ka goge baki ka fito da riga mai tsabta, kuma kada ka taɓa faɗin rashin ɗan'uwanka a gaban bare. Wannan ya raine mu, ban musa ba. Amma kamfanin rance ba ya karɓar mutunci, kuma dattawan da suka fi kowa iya wannan al'ada ba ɗayansu da ya ce, tunda ba zan iya faɗin talaucinta ba, bari in rage mata bashin. Bakinsu ya yi nauyi a kotu, aljihunsu ma ya yi nauyi a waje. In namiji ne ya karye a cikinmu, na sha ganin an zauna bayan sallar Juma'a an yi masa karo-karo. Ni aka ba ni yabo.

Da yamma na zauna a falon nan da ya kashe ni, ina kallon kujerun da ba a zama a kansu sai an yi baƙo. Na gane ba wanda ya taɓa wuce wannan ɗakin. Baffa ya san falona fiye da yadda ya san ni. Autata ta ce mu nemi wasu shaidun. Na ce ina za mu same su? Duk wanda ya san ni a garin nan daga falo ya san ni.

Washegari da hantsi na sa tsohuwar abayar da nake aikin gida da ita, na sauka ƙasa na buga wa Malam ƙofa, na ce ya sa takalmi. Muka wuce gidan Baffa. Matarsa ta kawo shayi, na ce ba zan sha ba. Baffa ya fito yana tambayar lafiya.

Na ce, "Lafiya lau. Tashi za ka yi ka bi ni gida, kai da Malam. Yau ba falo za ku zauna ba. Kicin za ku shiga, ku buɗe firiji da hannunku, ku leƙa buhun shinkafa, ku ga inda nake kwana."

Ya ce, "Haba ɗiyata, namiji babba kamata a kicin ɗin mace?"

Na ɗauko sandarsa daga jikin bango na miƙa masa, na tsaya a bakin ƙofa ina jira.