Ni Na Shigar da Dawaki cikin Ordinater

Gara in faɗa tun farko: ni na shigar da dawakin nan, ba direba ba.

A ƙarshen shekarun casa'in ina buga takardu a biro, wato ofishin wani furojen noma, a Madarounfa. Ranar da aka haɗa ordinater ɗinmu, wato kwamfuta, da layin talho, har mai gadi sai da ya baro ƙofa. Ta yi tsuwa, ta yi gurnani, sai ga hoton tsutsar nan mai cin zangarniyar gero, irin wadda manoman Gabi ke kawo mana a leda. Ga ta ƙatuwa, daga wata ƙasa, cikin ɗakinmu! Na kasa zama.

Shef, shugaban biron, ya kafa doka, babu mai taɓawa sai yana nan. Na ce to, amma raina na wurin. Ran Talata da ya tafi cin abincin rana, na ja kujera. So nake in ga ko tafkinmu yana ciki. Ban kai ga tafki ba, sai wani ɗan akwati ya faɗo yana walƙiya, da doki a guje, da tambaya cikin Faransanci mai tsawo. Karatuna gajere ne, kuma a lakol, makarantar boko, abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne amsa wa na gaba da to. Na danna to. Na sake dannawa.

Washegari shef ya kunna don ya nemo maganin tsutsa. Dawaki suka cika gilashin, da lambobi a jere. Cacar tseren doki ce. Ya rubuta adireshin da yake so, ta yi kamar za ta je, sai ta karkata ta koma wurin dawaki.

Kowa ya juya ya dubi direbanmu. Dattijo ne da ya taɓa faɗawa cacar nan, ya tuba a gaban shef, aka ce masa in ya sake to ya aje makulli. Kuma yakan shigo da rana ya sha iskar fanka.

"Ran Juma'a ka kawo mini makullin mota," in ji shef.

Ina tsaye a wurin. Ban ce uffan ba.

Yinin nan da washegari ina fama a ɓoye. Na kashe, na kunna. Na cire wayar talho na busa bakinta na mayar. Na juya ɓeran da ake ja, na goge ƙwallonsa da bakin riga. Sau ɗaya ta nuna farin shafi, wai ba a sami wurin ba. Na yi hamdala da ƙarfi, na danna hoton ɗan gidan da ke sama, sai ga dawakina sun dawo, har da sabo fari.

Ran Alhamis direba ya kira ni gindin bishiyar bedi, ya buɗe soyayyen kifi a takarda.

"Ci, ƙanena. Ni da ko sunana ban iya rubutawa, ta ina zan kira doki cikin akwati?"

Na aje kifin. Na tashi ban wanke hannu ba, na shiga wurin shef na faɗi komai.

Shef ya ce: "Kai ka shigar da su, kai za ka fitar."

Ya buga wa wata ma'aikaciyar hedikwatarmu a Maradi, wadda ta san kan na'urar. Matsalar ita ce layi ɗaya gare mu: in muna magana, ordinater ba ta shiga, in ta shiga, babu magana. Sai ta faɗa, in rubuta a bayan ambulan, in aje talho, in gwada, in sake kira. Sau biyar!

"Malam, ka mayar da shafin caca ya zama gidanta," in ji ta tana dariya. "Kamar jaki ce, ƙofar da aka saba masa can yake zuwa."

Ta sa na buɗe wurin saiti, na tarar da adireshin dawaki zaune a layin farko. Na goge. Ta sa na share abin da na'urar ta adana, na cire wani abu da ya maƙale tun ranar da na ce to. Na sake haɗawa. Tsuwa, gurnani, shiru. Sai ga tsutsa!

Ban taɓa murnar ganin tsutsa haka ba. Na yi ihu, mai gadi ya shigo a guje.

Shef ya fita da kansa ya ba direba haƙuri, ya ce ya riƙe makullinsa. Ni kuwa na bi shi har jikin mota na durƙusa.

"Yaya, ka yafe mini."

"Dannawar na yafe tuni," ya ce. "Shirun ne zai ɗan jima. Tashi, Sarkin Dawaki, ka wanke mini taya."

Na wanke duka huɗu, har da ta ajiya. Sunan kuma ya bi ni har yau.