Inda Ƙaiƙayi Ya Karkata

Shekara huɗu na yi a ƙasar waje ina auna hasken wata tauraruwa da ta fashe tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. Irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙirji da shi ne. Na'ura ke kama shi a sararin samaniya ƙwaya-ƙwaya, mu kuma mu lissafa gefen da ya fi karkata, don mu gane yadda maganaɗisun gawar tauraruwar yake kwance.

Da na dawo Dogon Dutsi ina koyarwa a lise, wato sakandare, ba wanda ya tambaye ni wannan. Abin da gari ya riƙe shi ne na karanta hasken hoton asibiti. Sai ga mutane har daga Matankari da manyan ambulan, in duba musu haƙarƙari. In na ce ban iya ba, a ce boko ya sa ni rowa. Haushi ya ishe ni, na daina zama ƙofar gida.

Inna kaɗai ta tambaya, ran da na same ta wajen turmi tana shiƙar hatsi.

"Kai, wai mi kake aunawa can?"

Na yi ta kame-kame. Ta ɗebi ƙaiƙayi ta saki.

"Ɗaya ba ya hwaɗa maka inda iska ta nuhwa. Sai ka saki da yawa."

Wallahi aikina ke nan kaf. Na yi dariya har da ƙwalla, don tun dawowata ban ji ina da abokin magana ba sai ranar.

Bayan damina tari ya kama ta. Aka yi mata hoto, likita ya ce mu dawo jibi. A tsakar gida ta miƙo mini ambulan ɗin.

"Na san ka hana mutane. Ni dai duba mini."

Na zaro hoton, na ɗaga shi saitin rana. Fari da baƙi, da wani gajimare ta hagu wanda ban san ko na kowa haka yake ba. Na daɗe hannuna a sama.

"To, ina ya karkata?"

"Ban sani ba, Inna."

Ta karɓa, ta mayar cikin ambulan, ta ce ba komai. Ba ta kai girbi na gaba ba.

Har yanzu abokan aikina na can suna aiko mini sakamakon na'urar ta waya. Ina karantawa, in gane komai, in waiwaya wajen turmi.