Garin da Ba Shi da Juji

Abin da zan faɗa ya faru ne shekarar da annoba ta hana mutane zuwa aikin Hajji, shekara biyu bayan an yi mini aikin gwiwa a nan Dubai, inda nake zaune wajen babban ɗana. Ni ban yi boko ba, matarsa ce ke rubuta wannan ina faɗa. Amma a lokacin ba na jin akwai mai iya yi mini wayo a duniya. Haihuwa tara na yi, na karɓi ta wasu ba iyaka, kuma in na leƙa gida sau ɗaya na san ko ana ci ana ƙoshi a cikinsa.

Autata tana aure a Koriya. Mijinta mai karatun injiniya ne, suna wani sabon gari kusa da babban birninsu, wai sai da aka zana shi a takarda kafin a aza tubali. Kullum sai ta nuna mini shi ta waya: benaye reras kamar haƙoran mataji, tafki a tsakiya, hanyar keke daban, makaranta da asibiti duk tafiyar ƙafa. Ni kuwa ina kallo ina tuna wani gari da na gani cikin gilashi a wani babban kanti a nan, itatuwan roba, mutanen roba, ana tallan gidajen da ba a gina ba. Na tambaye ta ina jujinsu, ta ce babu, shara bututu ke zuƙe ta ta ƙarƙashin ƙasa. Na ce ina makullin ɗakinta, ta ce lamba ake dannawa. Rannan kuma na gan ta da tsohon ciki kwance a ƙasa bisa shimfiɗa, ta ce ƙasan ɗumi gare shi, ya fi mata gado daɗi. Na ƙulla abin a raina. Gidan da ba juji ai ba a girki a cikinsa, mace ba makulli kuwa ba ita ke da ɗakin ba.

Da haihuwa ta matso na sauka kasuwar Al Ras na sayo citta, kanumfari da masoro, na daka yaji da hannuna, sai aka rufe hanya saboda annobar. Ta haihu namiji. Kwana uku mijin ya kira ni da murnarsa, ya ce ya kai ta wani gida da ake kula da masu jego, za ta yi mako biyu, ba a barin baƙi su shiga. Na ce a nuna mini jaririn, sai ya turo mini wani abu a waya, wai in kalla duk sanda na so. Ga yaro can cikin kwando a jere da na wasu, da alama a ƙafarsa, wata ma'aikaciya rufe da baki tana ɗaukarsa. Autata kuma tana wani ɗaki ita kaɗai cikin riga iri ɗaya da ta sauran matan, gabanta kwanon romo da baƙin ganye, wai daga teku. Ba kunun kanwa, ba ruwan zafi, ba uwa, ba dangi. Idonta ya kumbura. Ta ce rashin barci ne, na ce a raina an hana ta magana.

Ɗana ya ce in yi shwayya-shwayya, wato in bi a hankali, haka tsarin ƙasar yake. Na ce masa tsari ba ya raba uwa da ɗanta. Ban shawarci kowa ba na danna waya na aika wa mahaifiyar mijin murya a Kano, mace mai kunya da tun auren take ce mini Yaya. Na ce ɗanta ya kulle mini 'ya a gidan masu taɓin hankali, ya kwantar da ita a ƙasa da ciki, garin ma da yake nunawa ƙarya ne, in wani abu ya same ta ba zan yafe musu ba. Kafin la'asar muryar ta zaga dangi biyu. Baiwar Allah ɗanta ta kira tana kuka.

Ranar da autata ta koma gida ta kira ni, jaririn na kafaɗarta. Ta danna lambar ƙofa a gabana ta fita, ta jefa shara a bakin bututun na ji ƙarar zuƙarsa, ta dawo ta shimfiɗa jiƙaƙƙen zani a ƙasan ɗaki, muna magana ya bushe. Wuta ce a ƙarƙashi. Sai na tuna gadon ƙasar da uwata ta hura mini garwashi a ƙarƙashinsa a jegona na fari. Ashe abin da na kira wulaƙanci shi ne gashin jegon da na so in je in yi mata. Ta ce ita ta roƙi a kai ta gidan can, yaron ma duk sanda ta so ake kawo mata. Sannan ta ce, “Inna, ke na rasa, shi ya sa ya nema mini madadinki. Kukan da kika gani na kewarki ne.”

Na yi kwana arba'in ina cewa gobe zan kira mahaifiyar mijin in ba ta haƙuri, girman kai yana riƙe mini harshe. Zazzaɓin shekarar ya ɗauke ta kafin goben ta zo.

Don haka nake jan kunnen iyaye irina da 'ya'yansu ke nesa. Ido na ganin abin da ya saba ne kawai, in ka ga baƙon abu ka yi tambaya sau bakwai kafin ka aika maganar da ba ta dawowa. Auren yana nan, alhamdulillahi. Mijin yana gaishe ni duk Juma'a, gaisuwa cikakkiya, amma a da Inna yake ce mini, yanzu Hajiya. Autata na raye, yaron ya fara gudu a bakin tafkin nan da na ce na roba ne. Ni ma ga ni, yajin na nan cikin kwalba ya huce. Wadda ya kamata ta ji wannan takarda ita kaɗai ce babu.