Ludayin Kunun da Baba Gide Ya Sha

Kafin alƙali ya iso, kafin mu ma'aikata mu jingine kekunanmu a gindin dalbejiya, Baba Gide ya riga ya share zauren kotu, ya yayyafa ruwa, ya kakkaɓe buzun alƙali. Daga nan sai ya zaro makulli daga igiyar wuyansa, ya buɗe ɗakin kayan shaida, wani ɗan ɗaki mai rufin kwano a bayan kotu, inda ake ajiye duk abin da aka kama a hannun mai laifi har ranar shari'a. Zai bi su ɗaya bayan ɗaya: fartanyar da aka yi faɗa da ita, keken sata, kwalaben giya, tukwanen burkutu. Tun zamanin En'e yake masinja a wata ƙaramar kotu tsakanin Ƙanƙara da Faskari, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ni ne magatakardan kotun, shekara goma sha ɗaya muna tare.

Bai iya boko ba, ajaminsa ma sai shi kaɗai ke iya karanta shi. Amma hancinsa! A Tafoki ya tashi, gonarsu na maƙwabtaka da ta Maguzawa, don haka ko daga bakin ƙofa ya san burkutun jiya da na shekaranjiya, alhali bai taɓa kai shi baki ba. Mukan tsokane shi mu ce da hanci ake ɗaukar albashi, da ya fi alƙali samu. Shi ne kuma mai bulalar haddi idan an kama Musulmi ya sha giya. Yakan maƙale 'yar jaka a hammata don kada hannunsa ya ɗaga, kamar yadda aka koya masa, in ya gama ya kai wa mutumin ruwa a buta. Ban taɓa jin ya ambaci sunan wanda ya yi wa bulala a wajen kotu ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a shekarar ƙarin albashin Udoji. Kuɗi sun shigo, ana aikin hanya, leburori sun cika gari, manyan motoci na shigo da giyar kwalba a ƙarƙashin buhunan taki. Doka kuwa tana nan: wanda ya sayar ba lasisi, tara ko gidan yari, Musulmin da ya sha, bulala. Kusan kowane mako sai 'yan sanda sun kai samame tasha.

A irin wannan samame aka haɗa da Mero, wata bazawara daga 'Yargoje mai 'ya'ya huɗu, mai sayar da kunun zaƙi. An tarar da leburori biyu a buge a rumfarta, ga tsiron dawa ta shanya a tabarma. Ɗan sandan da ya kama ta baƙo ne a ƙasar, bai san da tsiro ake kunun zaƙi kamar yadda ake burkutu da shi ba. Ya ga tsiro, ya ga bugaggu, ya ga tukunya, shi ke nan. Aka ɗauko tukunyar aka miƙa wa Baba Gide, aka ba da belin Mero a hannun mai unguwa.

Da la'asar ya same ni a tebur. "Malam Sha'ibu, tukunyag ga kunu ce hwa. Har da citta da kanumfari."

Na ce masa, "Baba, kai masinja ne, ni magatakarda. Mu bar wa masu shari'a shari'arsu." Haka na faɗa, kuma har yau ina jin kunyar wannan magana.

Sai aka kira alƙali taro Funtuwa. Kwana biyar tukunyar tana ƙarƙashin kwano, a tsakiyar bazara. Ranar shari'a sajen da ke gabatar da ƙara ya sa aka kawo ta, ya ɗaga faifan da ke bakinta. Kumfa ta taso, tsami ya cika zaure, har na toshe hanci da hula. Saje bai ma wahalar da kansa da dogon bayani ba, ya ce hancin kowa ya ba da shaida. Shi ma ba ƙarya ya shirya ba, abin da ke gabansa ya gani.

Mero tana durƙushe, ta ja gyale ta rufe fuska. "Allah shi gafarta Malam, wallahi kunu na dama. In aka ce ni mai giya ce, wa za ya ƙara shan abin hannuna? Da mi zan ci da ɗiyana?" Matan unguwarsu suna leƙe ta taga. Ko ba a ɗaure ta ba, in dai aka rubuta mata wannan suna, kasuwarta ta mutu.

Alƙali ya gyara zama zai yi magana, sai Baba Gide ya bar bakin ƙofa ya zo ya durƙusa. A duk zamana da shi ban taɓa jin muryarsa a zaure ba, in ba kiran sunan masu ƙara ba.

"Allah shi gafarta Malam, ranar da anka kawo tukunyag ga na sha ludayi guda."

Alƙali ya cire tabarau ya dube shi. "Gide, ka san abin da kake faɗa? In kotu ta tabbatar giya ce, ka yi iƙirarin sha da bakinka, a gaban shaidu. Bulala ta hau kanka, aikinka kuma ya tafi."

"Na sani, Malam. Na shinshina ban ji giya ba, shi ya sa na sha don in tabbatar. Kunu ne mai daɗi, sai dai sukari ya yi mashi kaɗan. Ɗakin ga nawa shi ya maishe shi haka. In an ce giya ce, ga bulalar can rataye, a ba wani shi yi mani."

Wani ya yi dariya a baya, saje ya miƙe yana cewa masinja ba shaida ba ne. Ni kuwa na san saura shekara huɗu Baba ya samu fansho, ga iyali. Sai alƙali ya sa a je kasuwa a sayo sabon kunu a wurin wata mata daban. Shi da saje suka kurɓa a gaban kowa, aka rufe tukunyar a ɗakin nan na kwana biyar kamar ta farko, aka ba saje makullin ya riƙe da kansa.

Kwana biyar ɗin nan Baba Gide bai fasa shara ba, sai dai igiyar wuyansa ba makulli. A gari har an fara cewa ashe mai bulalar ma yana taɓawa. Ya ji, ya ci gaba da aikinsa. Da aka buɗe tukunya ta biyu, kumfa da tsaminta har sun fi na farko. Saje da kansa ya janye ƙara, ya miƙa wa Baba makullinsa da hannu biyu. Tun daga ranar, duk abin sha da aka kama sai an duba shi a gaban alƙali kafin rana ta faɗi. Na ji har wajen Sabuwa an ɗauki wannan tsari, kuma ba wanda ya san daga ina ya samo asali.

Baba Gide, kai ne ka sa bayanka a inda ni na ƙi sa bakina. Mai makulli a wuya, ba ka da kujera a zauren nan, amma ranar kai ka hana mu cin zalin baiwar Allah da hannunmu. Sunanka bai shiga littafin shari'a ba, don ni na rubuta shi, kuma abin da na sa kawai shi ne "an sallami wadda ake ƙara". Yau na biya abin da na tsallake. Na gode, Allah Ya saka maka da alheri, Ya sa ka huta lafiya a gonarka ta Tafoki.

Ku kuma masu riƙe da ƙananan makullai a kotuna da ofisoshi, in kun ga abu da idonku, ku faɗe shi tun a ranar, kada ku yi irin tawa.

Mero tana nan a tasha, rumfarta ta zama biyu, babbar 'yarta na makarantar horon malamai. Jiya na raka Baba wajenta. Ta cika masa ƙwarya, ya kurɓa, ya ɗago kai.

"Mero, har yanzu sukari ya yi kaɗan."

Ta ce, "Sha dai Baba, kada shi kwana." Ta juya tana gyara murfin tukunya, na ga tana share ido da bakin gyale.