Matakalar Manzo a Kwazazzabon Mazuba

Da an sallame sallar asuba, Manzo yakan rataya gorar ruwa, ya saɓa guduma, ya bi ta bayan rumbunan gero ya nufi dutse. Ƙauyensu na gindin duwatsun da suka yi wa kwarin Filinge katanga, kuma hanyar ƙafa guda ce ke hawa daga kwari zuwa tudu. Manoma na bin ta, makiyaya na bin ta, mata masu kai nono kasuwa na bin ta, har da 'yan birni masu zuwa yawon buɗe ido. Kafin kowa ya taka ta, Manzo ya riga ya taka. Ya janye ƙaya, ya gyara wa dutsen da ya girgiɗe zama, inda hanya ta rabu biyu ya ɗora duwatsu uku don baƙo kada ya ɓata. Shekara talatin da 'yan kai ke nan, kuma babu wanda ya naɗa shi.

Can tsakiyar duwatsun akwai kwazazzabo mai zurfi da ake kira Mazuba. Wata tara yana bushe ƙamas. Amma in damina ta sauka a tudu, ruwa yakan taru ya faɗo daga kan dutse mai tsayin giginya biyu, fari fat, ƙararsa har cikin gari. Mu mutanen ƙasar Kurfai ba mu ƙoshi da ganin ruwa ba, shi ya sa ranar da Mazuba ta fara zuba kowa yakan bar abin da yake yi ya shiga kwazazzabon kallo. Ƙofarsa ɗaya ce, kuma daga ƙofar zuwa mazubar tafiya ce mai ɗan nisa tsakanin bango biyu na dutse.

A nan ruwa ya tafi da yayar Manzo, Muna, yana saurayi. Bai taɓa zama ya ba da labarin ba. Sai dai wani rani aka gan shi ya kai wa maƙeri ƙarfen tsohuwar mota an fiƙe masa baki, ya shiga kwazazzabon ya fara sassaƙa matakala a jikin bango, daga kusa da mazubar zuwa sama. Rani bakwai ya yi yana wannan aiki. A sama kuwa babu gona, babu rijiya, babu komai sai tsakuwa, don haka gari ya samu abin dariya. Dija, mai tuyar ƙosai a bakin kasuwa, wadda bakinta ya fi man tuyarta zafi, ita ce kan gaba.

"Manzo, wagga matakala taka, gidan shaho za ta kai mu ko mi?"

"Allah shi sa kada ki buƙace ta, Dija," in ji shi, ya wuce.

Daminar bara waccan Dija ta buƙace ta. Ranar sama garau take a kan gari, hadarin yana can nesa wajen Sanam. Da hantsi aka ji Mazuba ta fara, mutane suka kwasa suka shiga, har da malaman lakwal, wato makarantar boko, su uku daga Filinge da wayoyinsu na ɗaukar hoto. Manzo na kan hanyar tudu yana gyara wani dutse, ya leƙa ƙasa ya ga abin da ya tsinka masa zuciya: ruwan ya bar fari ya koma ja, yana ɗauke da karan gero da kashin awaki. Ya san ma'anarsa. Gonakin tudu sun cika sun tumbatsa, babban ruwan na baya, kuma bai fi tsawon salla ɗaya ya rage ba.

Ya gangaro ta matakalarsa, yana da shekara sittin da biyu, ya kama hannun Manu, makiyayin da muryarsa ke kiran shanu daga wancan tudu. "Gaya musu ruwa na zuwa." Manu ya buɗe murya, sai mutane suka yi abin da kowa cikinmu zai yi, suka juya da gudu suka nufi ƙofar da suka shigo. Malam Nuhu, ɗaya daga cikin malaman, ya ce har gobe yana ganin hoton a idonsa: tsoho ya tsaya a inda kwazazzabon ya matse, ya ware hannu biyu ya tare hanya.

"Ba nan ba. Ruwa ya hi ku sauri. Ku hau bango."

Wasu suka so ture shi, bai gusa ba. Ya juya su zuwa matakalar ɗaya bayan ɗaya, masu goyo a gaba, tsofaffi a tsakiya. Dija ta kai rabi gwiwa ta ƙi, ta zauna ta ce a bar ta. Manu ya sunkuya ya goya ta kamar jaririya, ita kuwa ko a nan ba ta fasa yi masa faɗan ya yi a hankali ba. Manzo ne na ƙarshe. Yana kan taki na ashirin ruwan ya iso, ja wur, da itatuwa da duwatsu a cikinsa, ya cika kwazazzabon bango zuwa bango, ya fizge masa takalmi ɗaya.

A sama Dija ta kama rigarsa tana kuka. "Shekara bakwai muna yi maka dariya, Manzo."

"Bari wanga zance. Ƙirga mini mutane."

Ta ƙirga sau biyu. Arba'in da ɗaya suka shiga, arba'in da ɗaya suna tsaye a kan tsakuwa. Sai a lokacin Manzo ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannu, aka ji yana kiran sunan yayarsa.

Manzo, kai ne ka ga ranar nan tun tana shekaru gaba, ka tafi ka tare ta da guduma. Kai ne ka sha rana rani bakwai ana nuna ka da baki, ba ka rama ba, ba ka fasa ba. Namijin dutse, gidaje ashirin da ya kamata su yi zaman makoki sun kwana suna cin tuwo saboda kai. Muna jin kunyar dariyar da muka yi, kuma muna alfahari da kai fiye da yadda baki zai iya faɗi.

Bana gwiwa ta ce masa ya isa, likita ma ya hana shi hawa. Yakan zauna a gindin gawo a bakin hanya yana tambayar masu saukowa yadda suka bar ta. Mun gode, Baba Manzo. Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan Muna.

Mu kuma da ke da sauran gwiwa, ga labarin da masu saukowa suka kawo masa makon jiya: taki uku sun zaizaye a tsakiyar matakalar. Ya ji, ya dubi ƙafafunsa. Saura wata biyu damina ta faɗi, kuma ranar da Mazuba ta zuba, 'ya'yanmu ne za su shiga kallo.