Kunyar Ɗan Fari a Damagum

Da asuba muka isa tashar Potiskum, ni da abokan tafiya biyu daga ƙungiyarmu ta tsofaffin malaman makaranta. An aike mu Damagum domin mu ji daga bakin ma'aikata ko suna samun hutu da cikakken albashi idan an yi musu haihuwa. Direba ya yi alkawarin ƙarfe shida, bai ta da mota ba sai da rana ta fito. Na nuna masa agogo, ya nuna mini kujerun da ba su cika ba.

Hanya da kyau, sai dai tirelolin shanu sun mai da ita tasu. Kuɗin mota ya ninka na bara, ƙosan tasha kuwa ya ƙanƙance har mutum ya ji nauyin kiransa ƙosai.

A wata makaranta mai zaman kanta muka tarar da wani matashin malami, Bafulatani. Abokin aikinsa ne ya raɗa mana cewa matarsa ta yi haihuwar fari a gidan iyayenta, can wajen Nangere, an yi suna, ana ta wankan jego, shi kuwa bai ga jaririn ba har yau.

Na tambayi shugaban makarantar dalili.

"Baba, ai bai nema ba," in ji shi. "Cewa ya yi yana da ɗan uzuri a gida. Uzuri kuma kowa na da shi."

Na dubi malamin. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baffa, yaya zan buɗe baki gaban babba in faɗi wannan?"

Ban yi masa faɗa ba, ko da yake faɗa ba ya yi mini wuya. Ɗan fari ba abin ambato ba ne a wurinsu, haka ma a wurinmu. Zuciyata ta tafi ga marigayiya uwargidana, wadda har ta koma ga Mahaliccinta ba ta kira babbar 'yarmu da sunanta ba. Na yi kewar muryarta tana cewa "waccan yarinyar".

Muka ba shugaban shawara: tunda a al'ada aboki ne ke kai irin wannan magana, a yarda aboki ya nema wa mutum hutu, kuma kada a taɓa albashinsa. Ya amince da mako guda.

Tare da malamin muka dawo bayan la'asar, yana rungume da ledar sabulu da turmin zane. Tafiyar ta koya mini cewa haƙƙin da sai an furta ake bayarwa ba ya isa ga wanda kunya ta ɗaure wa harshe. A tashar Potiskum ya sauka, ya nufi motocin Nangere da sauri, ko sallama bai tsaya yi mana ba. Wannan karon ban ga laifin rashin ladabin ba.