Ranar da Gumel ta ba mu aron yayana

Duk tsufan da zan yi, ba na jin wasan ƙwallon da muka buga a Gumel zai fita daga raina. A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ne. Lokacin ina karatu a wata 'yar ƙaramar kwaleji ta 'yan Katolika, can kudu da Kano, mu uku ne kacal Musulmi a ajinmu.

Wani Fada ne ya kawo ƙwallo makarantar, dogo mai jan gemu, wanda Hausarsa ta fi wasansa kyau. Shekara uku muna bugawa, ba mu taɓa cin kowa ba. Da hutu ya matso, na ce masa mu je garinmu Gumel mu gwada sa'a. Ya yarda, muka hau motar makaranta mu goma sha ɗaya cif, ni ne gola.

Filin rairayi ne, ga jama'a har daga Gagarawa da Sule Tankarkar. Kafin a tafi hutun rabin lokaci, ɗan gabanmu ya gurɗe ƙafa. Fada ya ce za mu ƙarasa mu goma. Sai kyaftin ɗin Gumel ya girgiza kai.

"Haba Fada, baƙo ba ya wasa da giɓi a garin nan. Ga wannan, mun ba ku aro."

Wanda ya nuna yayana ne, direban babbar mota a hanyar Maigatari, kuma duk Gumel babu mai ƙarfin ƙafarsa. Ya karɓi rigarmu ya sa, ta ɗame shi, mutane na ta dariya. Ni kam a zuciyata na ce wasa kawai zai yi da mu.

Ana dab da tashi, babu wanda ya ci, ƙwallo ta faɗo gabansa. Daga shi sai golansu, abokinsa tun na yarinta. Da ya ga dama ya ɗaga ta sama, babu mai zarginsa. Sai ya narka ta a raga. Fada ya cire hula.

Muna fita wasu samari suka tare Yaya. "Kai yanzu garinku ka ci?"

Ya wuce abinsa. Da muka je gida aka kai wa Baba labari, yana zaune a zaure. Ya dubi Yaya ya ce, "Su suka ba da kai ko kai ka tafi?"

"Su suka ba da ni, Baba."

"To, da ka zubar da ƙwallon nan, da garin ka kunyata."

Wannan ita ce nasarar farko a tarihin kwalejin, kuma wanda bai taɓa shiga ajinta ba ne ya kawo ta. Yaya ya sha tsiya wajen abokansa har damina ta wuce, amma ko sau ɗaya bai ce ya yi nadama ba. Tun ranar na gane cewa amana ba ta san ta gida ko ta aro ba. In ka karɓa, to ka riƙe.